Ranar da Kika Kira Sunana

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da haske. Mu nan unguwar Treichville muna lafiya. Baba yana nan yana zirga-zirgarsa tsakanin gida da tashar jiragen ruwa, gwiwar nan tasa dai ba ta daina damunsa ba. Shagonki na kasuwar Adjamé a buɗe yake, Zulai ce a kan kujerarki. Ruwan bana ya yi yawa, har tsakar gida ya shigo mana.

Na san addu'a ake yi wa mamaci, kuma ina yi. Na kuma san in na sa wannan takarda a shafina na intanet mutane za su karanta, har da 'yan unguwa da za su ce 'yar Hajiya ta fara tonon asirin gida. Su karanta. Likitata ta ce tunda na koyi haɗiye tuwo, lokaci ya yi da zan daina haɗiye magana.

Inna, kishi nake yi. Da Zulai nake kishi, ƙanwata ciki ɗaya, wadda na goya a bayana. Ba don shago ba, ko da yake shi ma yana ɗan sosa mini rai. Wani abu ne kika ba ni da bakinki, sai ya faɗa hannunta, ni kuwa ina zaune a wurin ban san an bayar ba. Ki yi haƙuri in maimaita abin da kika riga kika sani, saboda masu leƙen takardar nan ba su san gidanmu ba.

Ni ce 'yarki ta fari. Kin taho da al'adar Maradi cikakkiya a cikin kayan aurenki, ba ki yar da ko ɗaya a hanya ba, don haka tunda aka raɗa mini suna bakinki bai taɓa furta shi ba. Kunyar ɗan fari ke nan. A cikin gida "ke" nake. In na yi nisa, "ke yarinya". Da aka haifi Zulai sai na samu suna a wurinki, na zama "yayar Zulai". Ki duba fa, ko ni za ki kira sai sunanta ya fito. Ƙawayena na lakwal, wato makarantar boko, iyayensu mata suna kiransu da suna, suna rungumarsu a bakin ƙofa. Na taɓa yi musu bayanin al'adarmu da Faransanci, suka ɗauka ba ke kika haife ni ba.

Amma ina da abin da Zulai ba ta da shi a lokacin, wato kai. Ke da kanki kin faɗa, ko da yake ba a gabana ba. Ta bayan tulin atamfa na jiyo kina gaya wa maƙwabciyarki ta shago: "Kan yarinyar nan ba ya zubar da komai."

Matan Adjamé da Treichville wurinki suke zuwa fitar da anko, domin ba ki taɓa bari gida biyu su fito da zane iri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Wannan aiki a kai yake zaune, kuma tun ina sakandare na riƙe shi. Na san wane gida ya ɗauki wane zane, wace Hajiya ce ba ta shiri da shuɗi, wace ce ke gaba da wace har ba za a kusanta launinsu ba. Mace ta shigo da Julanci in amsa mata da Julanci, in juya in sallami wata da Faransanci, in juyo gare ki da Hausa, ban taɓa cakuɗa su ba. In na faɗi daidai ba kya yabo, sai dai ki kai hannu ki gyara ɗaurin ɗankwalinki, ki kau da kai. Na san wannan gyaran ɗankwalin nawa ne, kuma ya ishe ni.

Har yau ana tambayata me ya jawo ciwon. Ban sani ba. Na dai tuna telanmu na Treichville, mai faɗin awo da ƙarfi kamar yana kiran fasinja. Ranar da ya auna ƙuguna ya faɗa, matan da ke jiran ɗinki suka yi shewa, suka ce 'yar Hajiya ta cika ta batse. A wurinsu yabo ne. Ni kuwa na koma gida da awon nan yana yawo a kaina. Likita ta ce kada in ɗora wa tela laifi, ciwon yana da saiwa da yawa, wata ma da ita ake haihuwar mutum. Na yarda, amma ban sake kai masa ɗinki ba.

Da azumin Litinin da Alhamis na fara. Wa zai hana yarinya azumin nafila? Daga nan na ƙara da na tsakiyar wata, na ƙara da ramuwar da ba a bina. In an sha ruwa kwano ɗaya muke ci ni da Zulai, kuma a kwano ɗaya ba a gane cin kowa. Ina tura loma gefenta, tana cinyewa tana zuba surutu. 'Yan unguwa suka fara kafa misali da ni ga 'ya'yansu. Ke ma na ga hannunki yana zuwa ɗankwali in an ce 'yarki ta fi tsofaffi ibada. Ba na ganin laifinki. A gidanmu mun san zazzaɓi, mun san shawara, mun san sammu, amma ba mu taɓa jin ciwon da yake shigowa gida da carbi a hannu ba.

Abin da ba wanda ya gani, har ni, shi ne kaina ya riga jikina ramewa. A lokacin ji nake ban taɓa yin wayo irin wannan ba. Gani nake kowa bawan cikinsa ne, ni kaɗai ce na fi ƙarfin nawa. Alhali raguwa nake yi. Wurin da zannuwa da gidaje da Hajiyoyi suke zaune a kaina, wani tunani guda ya kore su ya baje tabarmarsa: me na ci, me za a ba ni, yaya zan yi in kauce. Da shi nake tashi, da shi nake wuni. In ta da sallah in sallame ban san raka'a nawa na yi ba. In buɗe littafi in karanta layin farko, in sake, in sake, in rufe.

Wata rana na tsaya a tashar Roxy, inda nake shiga mota tun ina yarinya. Motocin Treichville suna gabana, ana ta kiran fasinja, na kasa zaɓar wadda zan shiga. Ba ɓata na yi ba, na san hanya. Zaɓin ne ya gagare ni. Amma ƙamshin aloko, soyayyar ayabar nan, da ke tasowa daga bayan tasha, da na kifin mai sayar da garba, dambun rogon nan, ina iya gaya miki daga wane kasko kowanne yake fitowa. Na daɗe a tsaye har wata mai sayar da ruwa ta tambaye ni ko lafiya.

Cikin harsunan nan uku Hausa ce ta fara zubewa, ita da kika sha wahala kafin ki dasa mana a garin da yara ke mafarki da Faransanci. Na tsaya a madafa ina neman sunan ludayi, na rasa, sai nuni na yi da yatsa. Kika dube ni kika ce: "Yau kuma Nasara muka samu a gidan?" Kowa ya yi dariya. Ni sai da aka wuce wurin sannan na gane abin dariyar, kuma haka na zama a kowace hira, kullum ina baya.

Na kafa wa kaina dokoki kamar wata hukuma. Cokali ɗaya tak nake yarda da shi, da wani ƙaramin kofi, kuma in wani ya taɓa su ranar ba zaman lafiya. Ni da ba a san ni da faɗa ba na zama abin tsoro a gida. Na karɓe girki daga hannunki, in cika wa kowa kwano, in zauna ina kallon bakinsu. Kin ɗauka hankali na yi. Ni kuwa da idona nake cin abin da na hana bakina.

Sai ranar da wata Hajiya ta ɗaga zane ta tambaye ni ko wani gida ya riga ya ɗauka. Na dubi zanen kamar yau na fara ganinsa. Zulai ce ta amsa daga bayana, Zulai da a da ba ta zuwa shago sai don ta sha bisap, wato zoɓo, ta yi barci a kan kaya. Ta faɗi daidai. Na ga hannunki ya tafi ga ɗankwali. A ranar ya kamata kishina ya fara, amma ko shi ban iya ji ba. Ciki ba komai, zuciya ma ba komai.

Da rama ta fito fili kin kai ni wurin malam, aka yi rubutu, aka zuba zuma a ciki. Ni da unguwa ke kira mai ibada na riƙe kofin nan, ba ayar nake tunani ba, zumar nake tunani. Na ƙi sha sai da aka sake wani ba zuma. A ranar na ga tsoro a idonki, amma ban san me zan yi da shi ba.

Daga nan ke kika kwanta ciwon da ya zama na ajali. Duk tsawon jinyarki ina ɗakin, kowa ya shaida ban bar gefenki ba. Amma in aka tambaye ni me kika ce, wace wasiyya kika bari, ba ni da amsa. Abin da nake da shi kwanon kunu ne mai jan murfi, da farfesun kifin da maƙwabta suke aikowa, da wa ya cinye wa ya rage. Abincin jinyarki duk yana kaina, Inna, amma fuskarki ta kwanakin nan ban riƙe ta ba.

Ranar da kika rasu ban yi kuka ba. Masu ta'aziyya suka ce wannan yarinya akwai tawakkali. Na sake samun yabo a kan ciwo.

Bayan sadakar arba'in na yanke jiki na faɗi a shago, Baba ya ɗauke ni zuwa asibiti. A can ne wata likita ta kira ciwon da sunansa, anoreksiya, ta zaunar da Baba ta yi masa bayani a hankali. Ta ce ƙwaƙwalwa ma ci take yi, kuma in an hana ta sai ta kashe fitilun ɗakunan da ba dole ba, ta bar guda ɗaya a kunne, wadda ke neman abinci. Baba ya ce shi duk zatonsa taurin kai ne na gado.

Warkewa ba ta zo yadda na zata ba. Jiki ya riga kai dawowa. Mutane su ga kumatu su ce alhamdulillahi ta warke, alhali wata murya a cikin kaina, muryar ciwon, ta fi kowane lokaci ƙarfi, tana zagina a kan kowace loma. Na ci abinci ina kuka, Zulai tana zaune a gabana da kwanonta daban, domin likita ta raba mu da kwano ɗaya. An hana ni azumi har na watan Ramadan, malam ma ya goyi bayan likita. Na zauna a bayan shago ina cin shinkafa da rana tsaka, rabin Adjamé na azumi. Na yi kishin masu azumin nan, na yi kishin yunwarsu mai lafiya wadda take ƙarewa da kiran magariba.

A hankali fitilun suka fara kamawa. Na karanta shafi har ƙarshensa, na kuma san abin da ya ce. A cikin jirgin ruwan da nake shiga daga tashar Treichville zuwa wurin likita, wata mata ta ba da labarin mijinta da akuya, na yi dariya tare da mutane, ba bayansu ba. Ludayi ya dawo. Wata rana aka ɗaga zane a shago, bakina ya riga ni faɗin gidan da ya ɗauke shi. Zulai ta daka tsalle ta rungume ni, ni kuwa kujerarki na duba.

Ba wanda ya gaya mini cewa in tunani ya dawo ba shi kaɗai yake dawowa ba. Kukan da ban yi miki ba ya same ni a cikin woro-woro, tasin haya, a kan gada, a gaban baƙi. Fushi ya biyo baya. Sannan aka zo kan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Zulai ce ta faɗa, ba da wata manufa ba, muna ninke zannuwa. Ta ce ai na tuna ranar da Inna ta kira sunana. Na ɗauka zolaya ce irin tata, sai na ga ta saki zanen tana kallona. Ta ce da hantsi ne, kwanaki kaɗan kafin rasuwarki. Baba yana wurin, ita ma tana wurin, ni ina zaune a bakin gado da kwanon kununki a hannu. Kika ɗago kai kika ce: "Mariama." Baba ya sunkuyar da kai. Kika sake faɗa, kika ƙara da cewa: "Ki sha rabi, in sha rabi." Zulai ta ce ban ɗago ba. Kunun nake kallo, kuma ban amsa ba.

Na tambayi Baba. Ya dai gyaɗa kai ya shiga neman takalminsa.

Na tuna kunun, Inna. Na gyaɗa ne, an matsa lemon tsami, kuma na tuna ina tunanin yawan sukarin da aka zuba. Iyakar abin da kaina ya ajiye daga wannan hantsi ke nan. Na tambayi likita ko sauran zai dawo, ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce abin da aka ajiye ya ɓuya yana iya fitowa, amma abin da ba a ajiye ba tun farko ba inda za a nemo shi, kuma ba ta san wanne ne nawa ba.

Tun ina 'yar mitsitsiya nake jiran in ji sunana a bakinki. Zulai kin kira nata safe da yamma har ta gaji da amsawa, sai ga shi nawan ma ita ta samu. Ita ta san yadda kika furta shi, ta san ko muryarki ta yi rawa, ta san inda idonki yake kallo. Na yi makonni ba na yi mata magana sai ta dole. In ta zauna a kujerarki haushi, in ta yi dariya haushi. In na ga tana cin garba tana lasar yatsa, kanta wasai ba ya lissafin komai, sai in ji kamar in cire kan nan in ɗora a wuyana. Na gaya wa likita ina sunkuyar da kai don kunya. Ta yi murmushi ta ce mai yunwa irin wadda na yi ba ta da ƙarfin kishi, wannan alamar dawowa ce. Na ce in dai haka ne to na warke sarai.

Sai dai kishin ya kusa mayar da ni inda na fito. Muryar nan ta dawo da lallashi, ta ce in na daina ci zan daina jin zafin. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa take da haɗari. Na fara rage loma, na nemo tsohon cokalina. Zulai ta gani, idonta ya cika da ƙwalla a kan kwanonta. A nan na tsaya na yi tunani, tunda yanzu ina iyawa. Ta wannan hanyar na rasa kiranki. In na koma, muryar Baba zan rasa, da dariyar Zulai, da duk wanda zai sake kirana nan gaba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na dama kunun gyaɗa, na matsa lemon tsami, na zuba sukari ban auna ba, na kai shago. Na ajiye girman kai na roƙi Zulai ta faɗa mini sunana yadda kika faɗa. Kin san muryarta taki ce, har 'yan'uwa na Maradi suna ruɗewa a waya. Da farko ta ƙi, ta ce ita ma ai ba ta taɓa kirana da suna ba, Yaya take cewa, kunya take ji. Ashe gidan nan kaf ba mai faɗin sunana sai Baba, shi ma sai in na yi laifi. Da na matsa mata sai ta kafa sharaɗi, kuma sharaɗinki ne. Ta ɗauko kofi ta raba kunun biyu.

Na shanye rabina har ƙasa, Inna. Ita ma ta sha naki. Sannan ta rufe ido ta faɗa. Ashe a tsakiya kika ja shi, a hankali, kamar mai gwada sabon zane a jiki. Ta ce har da ɗan murmushi, irin na wadda ta yi abin da aka hana ta. Muka zauna a cikin atamfofinki muna kuka, har wata mai saye ta leƙo ta juya.

Na san aro ne. Na asalin yana wurin Zulai, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, har gobe ina kishinta a kansa. Amma na kwana da wannan na tashi da shi, jiya yana nan, yau ma yana nan. Kan yarinyar nan ya fara daina zubarwa.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke daga abin da ya fi kunun duniya daɗi. Ya ba Baba lafiyar gwiwa, ya ba Zulai haƙurin zama da yaya mai kishi. Ya buɗe idon duk uwar da ke da irina a gida tana ganin ibada ce. Ni kuma ya bar mini hankalina har ranar da za mu haɗu, don in kin sake kira ya same ni a gida.

Kin kira sau biyu ba a amsa miki ba. Na makara ƙwarai, amma yau da hankalina nake, kuma cikina da kunu.

Na'am, Inna.

'Yarki ta fari,
Mariama, yayar Zulai